Hadari a Kan Albasa

Wani ɓawon albasa ya maƙale a hannun rigar Kawu Muntaka. Zuliha ta gani, ba ta faɗa ba, ta dai juya masa kwamfutar.

Shi ne shugaban 'yan albasa na Kasuwar Ose, kuma shi zai yanke ko hoton da ta ɗauka zai hau kalandar ƙungiya ta bana. Tun da ta gama jami'a, wannan ne aikin hoto na farko da aka ba ta.

Bakin kogin Neja ta ɗauka da safe. Sama ta fito fari fat, kamar ba komai a cikinta, sai ta ja filta daga saman hoton zuwa bakin ruwa, irin wadda ke rage haske sosai a sama, tana sassautawa har ta ɓace. Gajimaren da hasken ya ɓoye ya fito, baƙi ƙirin.

"Wannan ai hadari ne," in ji Kawu. "Ke 'yar Abdulhafiz, kin taɓa jin warin buhun da ruwa ya daka? Shekara guda mu rataye abin da ke ruɓar mana da kaya? Sa mana shuɗi, irin na kalandar banki."

"Kawu, ranar babu shuɗi."

"To wa zai kai ƙararki? Kogin?"

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ja wata filtar, wannan karon daga ƙasa, ta ƙara haske a hankali. Duhun ƙasan hoton ya buɗe. Ga buhuna jere, ga mutane suna jan tampol a kan buhunan, a gaba wani ya naɗe babbar riga a kafaɗa, hularsa ta karkace.

Kawu ya matso. "Wane ne wannan mai tumbin?"

"Ku ne, Kawu."

"Na'urarki ce ta ƙara min."

"In na cire hadarin, ba wanda zai san abin da kuke gudu. Sai a ɗauka shanyar tampol kuke yi." Muryarta ta yi ƙasa. "Ku yi haƙuri, ba zan cire ba."

Ya daɗe yana kallo, yana bin fuskokin da yatsa. Sannan ya zaro katin mai buga kalandar daga aljihu, ya ajiye kusa da hannunta, ya sa takalmansa ya fita.