Makunni na Uku

Ƙas! Makunnin ya sake faɗuwa. Tela ta miƙe daga kan keken ɗinki, zani na harɗe ta, allura a bakinta. Daga ƙofar ɗakinta zuwa bangon da aka kafe akwatin wuta ba wani nisa ba ne, amma ga mace mai ciwon gwiwa tafiya ce. Ta isa, ta danna makunni na uku ƙasa, ta ɗaga shi sama, ta kasa kunne. A ɗakin Baba Direba injin numfashi ya yi tari, ya kama gurnaninsa. Sai a lokacin ta cire allurar daga baki.

"Tela, ke ce?" in ji tsohon daga ciki, muryarsa a shaƙe.

"Ni ce, Baba. Iskar ta dawo?"

"Ta dawo, Allah ya yi miki albarka. Ke da abin nan kamar mai reno da ɗan rigima."

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, baranda ɗaya ta haɗa su. Baba Direba da matarsa Inna sun riga kowa zama a gidan. Ranar da Tela ta tare, bayan rasuwar mijinta, shi ya ɗauko mata keken a bayan motarsa, ya shigar da shi ɗaki a kafaɗa yana waƙa. Yanzu mutumin nan ko kofin ruwa sai an tallafa masa. Hayaƙin manyan motoci da ya sha a rayuwarsa ya cinye masa huhu, asibiti suka sallamo shi da inji mai ba da iska ta wata siririyar roba a hanci. In injin ya tsaya, ba a daɗewa leɓɓansa ke fara duhu. Wutar unguwar kuwa, a faɗi gaskiya, ba ta da laifi. Matsalar a cikin gida take, a cikin tsohon akwatin ƙarfen nan mai tsatsa.

Sun kira mai gyaran wuta tun farkon abin. Wani siriri ne mai yawan magana, ya buɗe murfin akwatin, ya sunsuna, ya ja da baya.

"Inna, kin ji wannan warin kamar na ƙonanniyar roba? To shi ne sallamar da akwatin nan ke muku."

Ya nuna musu da bakin sukudireba. Wuta takan shigo ta babban makunnin da ke sama, in ji shi, sannan ta rabu zuwa ƙananan, kowane ɗaki da nasa. Kowane ƙaramin makunni mai gadi ne. In kaya suka yi wa waya nauyi ta fara zafi, sai ya yanke wutar da kansa, don kada gida ya kama.

"To ai mu ba mu da wasu kaya," in ji Inna. "Daga injin nan sai ƙwan fitila."

"Shi ne abin tsoron. Mai gadi in ya tsufa, ko kyanwa ta gifta sai ya yi ihun ɓarawo. Taɓa nan da bayan hannunki. Kin ji zafi? Dubi baƙin nan a bayansa. Ƙarfen da makunnan ke zaune a kai ya ƙone, ko na sa sabo ba zai kama ba. In akwati ya fara zafi, yana wari, yana faɗuwa ba dalili, to ba gyara yake nema ba, canji yake nema."

Tela ta ce a jawo wa Baba wuta daga ɗakinta. Aka jawo doguwar waya, nata makunnin ya faɗi tun mai gyaran bai gama nannaɗe kayansa ba. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya ce duk ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Canjin akwati kuwa sai da yardar mai gidan hayar, shi kuma mutum ne da bai taɓa cewa a'a ba a rayuwarsa. In an kira shi sai ya ce, "Ai dole, ai dole, wannan makon in Allah ya yarda." Ya tambayi jikin Baba da murya mai taushi, ya yi addu'a doguwa, ya kashe waya. Makon ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa.

Haka Tela ta zama mai gadin mai gadi. Ta juya kekenta ya fuskanci akwatin, ta bar murfinsa a buɗe. Tana ɗinki, ido ɗaya na kan allura, ɗaya na kan makunni na uku. In yana sama, Baba na numfashi. In ya faɗi, ta tashi. Injin yana da ɗan kuka da yake yi in wuta ta yanke, amma shi ma tsufa ya kama shi, bai fi kukan ɗan tsako ba. Don haka Inna ta ajiye wa tsohon kofin ƙarfe da cokali a gefen gado, in ya ji iska ta ɗauke ya ƙwanƙwasa.

Wata rana da hantsi Tela ta taso da gudu, gwiwar ta ƙi, ta zube a barandar, goshinta ya daki bakin ƙofa. Da rarrafe ta ƙarasa ta ɗaga makunnin. Baba ya ga komai ta ƙofarsa da ke buɗe.

Da ta shigo gaishe shi, ta ɗaure goshi da ɗankwali, ya daɗe yana kallonta.

"'Yata, zauna."

Ta zauna a bakin tabarma.

"Ni na gama tafiyata, saura sauke kaya. Ba zan yarda ki karye a kaina ba." Ya huta, ya ja iska. "A mota, in giya tana fita da kanta a kan tudu, ɗaure sandar muke yi da igiya, mu kai gari. Samo ƙyalle mai ƙwari ki ɗaure min abin nan a sama. Mu ga ta inda zai faɗi."

"Baba, mai gyara ya ce mai gadi ne fa."

"Mai gadin da ke kashe mai gida? Shi da bakinsa ya ce ihun banza yake yi. Inna, ko ba haka ya ce ba?"

Inna ta ce haka ya ce. Ita ma ta gaji, idanunta sun faɗa, rabonta da barcin kirki har ta manta. Tela ta miƙe. Ba ta taɓa yi wa tsohon nan musu ba, kuma, Allah ya sani, gwiwarta na mata zugi. Ta koma ɗaki ta zaɓi ƙyalle cikin ragowar ɗinki, shuɗi mai ƙwari, ta naɗe shi a wuyan makunnin, ta ja shi zuwa wata ƙusa da ke saman akwatin, ta ƙulla. Ƙullin tela ne, irin wanda ba ya kwancewa.

Kwanakin da suka biyo baya wutar ba ta yanke ba. Ko sa'a ce, ko sanyin da gari ya yi ne ya sa wayar ta huta, babu wanda ya sani. Baba ya riƙa tsokanarta, yana cewa a ba ta shaidar injiniya. Inna ta yi barcin rana har da minshari. Tela ta ji daɗi ƙwarai, ta ji kamar ta rama wa tsohon alherin ɗaukar keke.

Ranar da abin ya faru, maganin Baba ya ƙare. Bayan azahar Inna ta yafa mayafi ta leƙo.

"Tela, zan je kemis in dawo. Ya samu barci, na ja masa ƙofa saboda iskar nan. Ki dai sa ido."

"To, Inna. Ki yi sauri, hadari ya haɗo."

Ba ta daɗe da fita ba ruwa ya sauko, irin mai dukan kwano kamar ana watsa tsakuwa. Tela na da rigar wata mata da za a zo karɓa da yamma. Ta duƙufa, keke na ƙara, ruwa na ƙara. Takan ɗaga kai ta dubi akwatin, ta ga makunni na uku a sama, shuɗin ƙyallen a miƙe, sai ta mayar da kai. Ta ɗinka hannu, ta dubi akwatin. Ta kafa wuya, ta dubi akwatin. Har wata 'yar waƙa ta riƙa yi a ranta.

Da ruwan ya tsagaita ta tsayar da keke don ta sa zare. A nan ta ji shirun. Gidan ya saba da gurnanin injin nan har ba a jin sa, sai da babu shi. Can ƙasa-ƙasa kuma, ta bayan ƙofar Baba, ɗan tsakon nan na kuka.

Ba ta san yadda ta isa ba. Ta tura ƙofar. Baba na kwance a karkace, rabin jikinsa ya zamo daga gado, hannunsa ɗaya na lilo. Kofin ya gangara ƙarƙashin kujera. Cokalin na hannunsa.

"Baba! Baba!"

Ta fito da gudu zuwa akwatin. Makunnin na sama. Ta tura shi sama, yana sama. Ta waiga, ƙwan fitilar ɗakinta na ci. Ta rasa abin da ke faruwa, ta kama ƙullin da farce tana ja, ƙullin ya ƙi. Ta sa haƙori, ya ƙi. Sai da ta koma ɗaki ta ɗauko almakashi, ta datse ƙyallen. Makunnin ya zamo ya tsaya a tsakiya, sakwa-sakwa. Ta danna shi ƙasa, ta ɗaga.

Injin ya yi tari, ya kama gurnani. Ta koma ta gyara masa robar a hanci, ta tallafo kansa a cinyarta, tana kiran sunan Allah, tana cewa, "Ga ta nan ta dawo, Baba, ja mana, ja." Iskar na fita ta robar, tana motsa gashin bakinsa. Shi bai ja ba.

A haka Inna ta same su, jiƙe sharkaf, ledar magani a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi salati. Sannan ta ajiye ledar a hankali a kan kujera, ta zo ta zare cokalin daga hannun mijinta, ta rufe masa ido.

"Kashe injin nan, Tela," ta ce. "Ya isa."

Bayan an kai shi makwancinsa, masu gaisuwa sun ragu, mai gidan hayar ya turo mai gyaran wuta da sabon akwati a kwali. Ashe abin bai fi aikin wuni ɗaya ba. Mai gyaran ya zo ya tarar da guntun ƙyalle na rataye a ƙusa, wani guntun a wuyan makunnin.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Tela na zaune a bakin ƙofarta tana kallonsa.

"Kai, jama'a! Ai wannan hannun na waje ne kawai. Abin da ke yanke wutar yana ciki, ko da sarƙa ka ɗaure hannun sai ya yanke abinsa. Sai dai ka gan shi a sama ka ɗauka akwai wuta, alhali..."

Ya waigo, ya ga fuskar Tela, maganar ta maƙale. Mutumin da ba ya gajiya da surutu ya juya ya ci gaba da kwance ƙusoshi.

"Shi marigayin ne ya ce a ɗaure," in ji Inna daga cikin ɗaki. "Kwanansa ne ya ƙare."

Tela ta so a ce Inna ta zage ta, ta so a ce wani ya nuna ta da yatsa. Babu wanda ya yi. Kowa sannu yake mata, ana cewa ta yi maƙwabtaka, Allah ya ba ta lada, kowace sannu kuwa sai ta ji ta kamar an soka mata allura. Abin da ke cin ta ba ƙullin ba ne kaɗai. Tunanin cokalin ne. Tun yaushe yake ƙwanƙwasawa, yana jiran jin takunta, ita kuwa tana waƙa? Wannan tambayar ba ta da wanda za ta yi wa.

Ba a daɗe ba ƙanin Inna ya zo da mota ya kwashe ta da 'yan kayanta. Asibiti suka karɓi injinsu. Da za ta shiga motar, Inna ta riƙe hannun Tela ta ce ta riƙa shafa wa gwiwar magani, kada ta yi wasa. Tela ta gyaɗa kai, ta kasa ɗaga ido.

Sabon akwatin fari ne tas, ba ya zafi, ba ya wari, makunnansa a jere kamar haƙoran yaro. Tunda ɗakin Baba babu kowa, mai gyaran ya bar na uku a ƙasa. Tela ba ta juya kekenta ba, yana nan yana fuskantar bangon. Da yammar wata rana ruwa ya sake saukowa, tana tsakar ɗinki ta ɗaga kai, ta ga makunnin a ƙasa, ta zabura har ta kai tsakiyar baranda kafin ta tuna. Ta tsaya a wurin, ruwa na fantsamo mata a ƙafa. A saman sabon akwatin tsohuwar ƙusar na nan, da ɗan zare shuɗi a jikinta, iska na kaɗa shi.