Biskit Ta Ƙi Fitowa

Ƙafata na cikin filasta, zanen kicin ɗin Mista Lindqvist na cikin babbar kwamfutar ofishinmu, shi kuma ya kamo hanyar gidana don ya gani. In bai gani yau ba, wani kamfani zai ba aikin.

Na jona kwamfutata da layin tarho. Ta yi tsuwa, ta yi gurnani, ta shiga. Na buɗe wurin da kwamfutocin ofis ke bayyana. Wayam!

Layi ɗaya ne a gidan. In zan kira Dwayne, mai kula da na'urorinmu, sai na katse kwamfutar. In zan gwada abin da ya ce, sai na kashe masa waya. Muka yi ta wannan safa da marwa har ya koma amsawa da, "Gidan mahaukata, wa ake nema?"

Can na hango maƙwabciyata tana ban ruwan furanni. Na ɗaga taga.

"Misis Halvorsen! Ara min wayarki da bakinki!"

Tsohuwa ta jawo igiyar tarhonta har bakin tagarta, ta kira Dwayne.

"Wai kin shiga?" ta ƙwala min.

"Na shiga, ba kowa!"

"Wai dama ba lalle ki ga babbar kwamfutar ba! A cikin ofis take shelar sunanta, muryarta ba ta biyo waya! To ni tawa tana biyowa, ɗan nan!"

Dariya ta kusa kayar da ni daga kujera.

"Wai ki bar jiran ta fito, kira ta da sunanta! Rubuta alamar sanda biyu masu jingina baya, sannan Biskit!"

"Biskit?"

"Sunan karensa ne wai ya sa mata! Kai Dwayne, ba ka da mata ne?"

Na rubuta. Shiru. Motar Mista Lindqvist ta tsaya a ƙofar gida. Sai ga manyan fayilolin ofis sun zubo reras, na Lindqvist a tsakiya.

"Ta amsa!" na kurma ihu, ina buga sandata a ƙasa.

Zanen ya fara saukowa a hankali, kamar mai jin kunya. Aka danna ƙararrawa.

"Misis Halvorsen, tare min shi!"

Ta saki waya tana lilo, ta fita da farantin kek. Kafin ya gama cin yanka na biyu, kicin ɗinsa ya cika allon, har da wurin wanke-wanke.