Gurbin Haƙorin Saudat

Kwabon zinaren ya girmi Fadimatu nesa ba kusa ba. Kakanta ne ya dawo da shi Kebbe daga Makka, zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa, kuma tun da ya zo hannunta yake cikin 'yar jakar fata a wuyanta. A jikinsa akwai kan wata baturiya, a kumatun baturiyar kuwa akwai ɗan wurin da ya lotsa.

Aikin Saudat ne, 'yar Fadimatu ta fari. Tana ƙarama ta ga wani ɗan koli yana gwada zobe da haƙori, ta dawo ruga ta gartsa wa kwabon cizo iya ƙarfinta, ta bar masa shaida. Zazzaɓi ya ɗauke ta kafin ta isa aure. Fadimatu kuwa Bafillatana ce, kunyar 'yar fari ba ta bar ta ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ko ranar mutuwar ba ta yi hawaye a gaban mutane ba. Waɗanda ba su san komai ba suka yi ta yabon dauriyarta. In kewa ta taso mata sai ta sa yatsa cikin jakar ta shafa gurbin haƙorin. Abin da ya rage mata na Saudat ke nan a duniya.

Sai ɓarayi suka kore shanun mijinta Hammadu kakaf. Mutumin da bai san zama ba ya koma gindin bishiya, ya daina cin abinci, ya fara kiran shanun da babu su. Fadimatu ta ga in ba a samo masa ko karsana ɗaya ba, shi ma rasa shi za ta yi. Ta ce ya raka ta Tambuwal.

A can akwai Ɗanmaliki, dillalin tsofaffin kaya, mai baki kamar rediyo. Ya ɗauki hoton kwabon ya tura wa wani Alhaji a Abuja mai tara irinsu. Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Wai a Amurka aka buga shi, a shekarar 1861 da mutanen can suka fara yaƙar junansu, a wata ƙaramar ma'aikata da yaƙin ya rufe, kuma kaɗan ne suka rage. Ɗanmaliki ya saya da abin da ya isa karsana har da maraƙi.

Yana juya shi a tafin hannu ya ce, “Wanga tabo shi ɗai ya ɓata shi, Inna.”

Ta so ta ce gurbin haƙorin 'yarta ne. Hammadu yana tsaye a gefenta, ina za ta iya? Abin da ta samu ta ce kawai shi ne, “Ka bar ni in sake ganinai kahin a tahi da shi.”

Ɗanmaliki ya yi dariya ya ce ta dawo ranar kasuwa.

Hammadu ya samu karsanarsa, ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Ranar kasuwa Fadimatu ta hau babur ita kaɗai. Ta tarar da Ɗanmaliki ya yi tagumi, bakin nan ya mutu. Ashe don ya burge Alhaji ya kai kwabon wajen maƙerin zinare, aka goge shi tas. Ɗan aiken Alhaji ya zo ya duba, ya ce masu tarawa ba sa son wanda aka goge, ya juya ya tafi.

“Na yi asara, Inna,” in ji shi. “Ga shi, ki gani. Narka shi za a yi.”

Ta karɓa. Yana ta ƙyalli kamar sabon kwano. Ta sa babban yatsa a kumatun baturiyar ta shafa, ta sake shafawa, ta juya bayansa ko ta manta gefen ne. Sumul yake ko'ina. Baƙin cikin da ta danne shekara da shekaru ya taso mata.

“Saudat,” ta ce a hankali, a tsakiyar kasuwa.

Ɗanmaliki ya waiga. “Wa kike kira, Inna?”

Ta ajiye masa kwabon a kan tabarma.

“Babu kowa,” ta ce.