Hannun Suruki

Hannun Malam Gambo ya riga ya tsallako allon shataranji, darar nan mai sarki da waziri da doki, kafin Ladan ya gane abin da ake ciki.

"Mu bar ta hakanan, Ladan," in ji tsohon. "Ba kai, ba ni. Kunnen doki."

Kunnen doki kuma! Ladan ya dubi allon. Ya cinye masa waziri, ya matse sarkinsa a lungu, ko makaho ya shafa allon nan ya san wasa ya ƙare. To amma mai miƙo hannun nan uban matarsa ne. Tun da Ladan ya auri Sabah bai taɓa kiran sunan mutumin nan ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, yau ma da ƙuri'a ta haɗa su sai da ya tuɓe takalma sannan ya zauna. Kafin kansa ya yi shawara hannuwansa biyu sun tafi da kansu, sun tallabi na tsohon.

Ustaz Mujtaba, alƙalin gasar da aka ɗauko daga Hasahisa, ya taho yana gyara tabarau. Ya tsayar da agogon wasan, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"A nan kuka yi kunnen doki? A wannan allon?" ya tambaya da Larabci. "Ni za ku mayar sakarai? Shiri kuka yi tun daga gida. Sifiri gare ka, sifiri gare shi."

Nan take zauren nadin, wato kulob ɗin da ake gasar, ya ɗauki ƙus-ƙus. Wanda duk ya zo na ɗaya a gasar nan ta Damazin shi zai wakilci jihar a Khartum, kuma kowa ya san Ladan bakaniken tarakta ya daɗe yana farautar kujerar nan. Da rana yana ƙarƙashin inji, da yamma yana kan allo, har abokansa na tsokanarsa wai da dokin katako aka ɗaura masa aure. Da ya ci wasan nan, shi ke nan, ya wuce. Da kunnen doki kuwa, ko da sifiri, wanda zai haye shi ne Ayman, autan Malam Gambo. Ga shi can jingine da taga yana latsa waya, kamar ba da shi ake ba.

Ladan ya sa takalmansa, ya ce da alƙalin ya ɗaukaka ƙara. Aka ce lajna, wato kwamitin gasar, za ta zauna bayan azahar.

A gindin dogonyaro da ke ƙofar nadin Sabah take sayar da shayi. Labari ya riga shi isa, don bai zauna ba ta tura masa kofi ba tare da ta dube shi ba.

"Mutane na cewa saida wasan ka yi," in ji ta.

"Ke mi kika ce?"

"Na ce mijina ko tsohuwar taya ba ya saidawa."

Ya juya kofin a hannunsa. "Sabah, Baba ya daɗe da barin wasa. Wa ya sa sunansa a gasar nan?"

Ta yi ta fifita gawayin da ya riga ya kama. Can ta ce, "Ayman."

"Kuma wa ya ce masa da ni za a haɗa shi a zagayen ƙarshe?"

"Ƙuri'a ce, ai ka gani da idonka."

"Na gani. Amma tun jiya Ayman ke zaune kusa da mai lissafin maki."

"To ka je ka tambayi Ayman! Ni ɗiyarsa ce, Ladan, kada ka sa ni in auna ubana a sikeli." Ta aje maficin. "Abu guda na sani. In ka kunyata shi gaban baƙi, har ka mutu ba a mancewa a garinmu. In kuma ka bari, kai ne ba ka mancewa, ni ce kuma zan zauna da kai."

Ladan ya aje kofin. Ya so a ce ya yarda tsohon gajiya ce kawai ta kama shi. Amma duk ta inda ya juya abin, sai ya tuna yadda Malam Gambo ya waiga wajen taga kafin ya miƙo hannu.

Lajnar mutum uku ce, a wani ɗan ofis mai fanka ɗaya. Shugabanta Malam Alamin, tsohon malamin makaranta, Bahaushen Rusairis. An ba Malam Gambo kujera. Aka nuna wa Ladan wata a gefensa, ya ƙi, ya tsuguna bakin ƙofa.

"Kun gani ko?" in ji Ustaz Mujtaba. "Ko zama kusa da shi ba ya iyawa. Na yi alƙalanci a wurare da yawa, na san wasan 'yan gida ɗaya in na gan shi."

Malam Alamin ya dubi Ladan. "Kun shirya kunnen dokin nan kafin wasa?"

"A'a."

"Ka so shi?"

Ladan ya sunkuyar da kai. Ƙafafun surukinsa kawai yake gani, cikin farin takalmin markubu. Da Hausa maganar ba za ta fita ba, sai ya ɗauko ta da Larabci, can ƙasa-ƙasa. "Ban so ba."

"To don me ka ba da hannu?" Ustaz Mujtaba ya buga tebur. "A dokar shataranji babu suruki!"

"A dokar babu, Ustaz, amma a kan kujerar akwai," in ji Malam Alamin. "Mu a wajenmu, uban matarka ya miƙo hannu, ko garwashi ne a ciki sai ka karɓa." Ya juya. "Malam Gambo, kai kuma mi ya sa ka nemi a raba?"

Tsohon ya shafa gemu. "Bayana ke ciwo, Alamin. Zaman ya yi mini yawa."

"Ka san in an raba ɗanka ne zai tafi Khartum?"

"Ni ina na iya lissafin nan naku?"

Ladan ya runtse ido. Mutumin da ya yi shekaru yana rabon ruwan gonakin gari kaf, bai taɓa kuskuren awa guda ba, wai shi ne bai iya lissafi ba!

Aka fitar da su, aka dawo da su. Malam Alamin ya ce lajna ba ta ga shaidar shiri ba, ba ta kuma ga yarda ba. An soke sifiri, an soke kunnen doki, za a mayar da kowane ɗan shataranji inda yake a allo a ci gaba bayan la'asar. Ustaz Mujtaba ya ja tsaki, ya ce zai tsaya a kansu da kansa.

Bayan la'asar zauren ya cika har taga, masu raksha, keken nan mai ƙafa uku, su ma sun bar fasinja sun shigo. Ladan ya sake tuɓe takalma. Ya tura doki, tsohon ya ja sarki. Ya tura soja, tsohon ya daɗe bai taɓa komai ba. Saura taku ɗaya Ladan ya kama sarkin. Ayman ya bar taga, ya zo ya tsaya daidai bayan ubansa.

Sai Malam Gambo ya gyara murya, ya ɗaga hannu ya miƙo, wannan karon da ƙarfi yadda na ƙofa ma za su ji.

"Ɗana, na sake roƙonka. Mu bar ta hakanan."

To, yanzu kam babu sauran shakka, kuma sanin bai rage wa Ladan komai ba. Ya ji hannunsa na dama na neman tashi, ya danne shi da na hagu a kan cinya. Agogonsa na tafiya. Hannun tsohon na nan a sama, Hausawan da ke wurin duk sun sunkuyar da kai don kunya. Wani dattijo a baya ya ce, "Haba Ladan."

Ƙarar kofuna ta ratso taron. Sabah ce da tirenta, tana cewa a ba ta hanya. Ta zo gefen teburin ta durƙusa, ta ɗauki kofi mai tururi ta sa a cikin hannun da ke miƙe.

"Baba, shayinka. Na sa maka citta saboda bayan."

Kofin da zafi, dole tsohon ya janye hannu ya tallabe shi da ɗayan. Ya dubi 'yarsa, ita kuwa ƙasa take kallo.

Ladan ya saki hannunsa na dama, ya ɗauki wazirinsa ya aje a gaban sarkin tsohon, ya danna agogo.