Inda Mota Ke Numfashi

Shekara tara Iliya ya yi yana tuƙa motar Alhaji Attahiru na Buza, kuma a shekara taran nan ko buhun albasa ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Abin da ya hana Alhaji sakewa ke nan. A ganinsa direban da aka taɓa kamawa an san iyakar ɓarnarsa, wanda ba a taɓa kamawa ba kuwa gwaninta ce ta yi masa yawa.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce fara, irin wadda ba ta da karbirato, anjektar ke fesa mata isansi, wato man fetur. A hannun masu gina rijiyoyi ta tsufa, Alhaji ya saye ta, ta ƙara tsufa tana hawan duwatsun Adar da albasa da awaki da mutane a kan albasar, yau Madawa, jibi Keita. Shi Alhaji bai iya tuƙi ba. Sau ɗaya ya gwada, katangar maƙwabcinsa na nan da shaida.

Da Iliya ya rufe ɗakinsa da kwano, matar Alhaji, Cima, ta ce wansa ne da ke Abijan ya aiko masa. Alhaji ya ce bai taɓa jin ɓarawon da ba ya da wa a Abijan ba. Ya yanki kara ya yi masa zane-zane, duk sanda mota ta dawo sai ya faki ido ya zura shi a tanki. Kullum isansin na inda ya kamata ya tsaya. Da wani ne, da ya haƙura. Alhaji kuwa sai ya gane cewa ashe Iliya na zuƙar isansi ne ya cike gurbin da kananzir, shi ya sa kara ba ya gani.

Ya hau motar haya, ba tasa ba, ya tafi Garhanga wurin wani malami. Ya dawo da laya a jar fata, girmanta kamar kwalin ashana amma da nauyi. Malamin ya ce a ɗaura ta inda mota ke numfashi, kada kowa ya gani, in hannun maci amana na taɓa motar nan ita da kanta za ta nuna. Ran da Iliya ya tafi bikin suna a Azarori, Alhaji ya ɗaga kapo, murfin inji, ya tsaya yana kallon kayan ciki kamar wanda aka miƙa wa takardar Sinanci. Can bayan inji ya lalubo wani siririn baƙin tiyo, ya matsa ya ji shi da rami kamar maƙogwaro, ya ce to nan ne. Ya kwanto waya daga shingen awakinsa, ya ɗaura layar, ya murɗa sau biyar.

Sati uku bayan haka mota ta nuna. In tana gudu lafiya lau. Amma da an tsaya ɗaukar fasinja sai inji ya shiga hawa da sauka, ya yi gurnani, ya lafa kamar zai cika, kapo na kaɗawa, madubi na rawa. Sau biyu ta mutu a shingen jandarma, fasinja suka sauka suka tura. Iliya da kansa ya zo ya durƙusa ya faɗa wa Alhaji, ya ce ralanti, wato aikin inji in mota na tsaye, ya lalace, a kai ta a duba tun ba ta bar su a cikin korama ba. Alhaji ya dube shi, a ransa yana yaba wayon mutumin da zai riga kowa kawo ƙarar laifinsa.

Korarsa a zaure ba ta ishi Alhaji ba. Shaidu yake so. Ya tsara a kai motar garejin Kalla a Madawa ranar kasuwa, lokacin da direbobi ke cika bencin ƙofar suna shan shayi, Kalla ya zuƙo kananzir a gabansu. Direban da aka kora kan haɗa isansi ba ya sake riƙe sitiyari daga Keita har Ƙonni, Alhaji kuma ya san da haka sarai. Cima ta ce masa ya dai tuna wanda ya kai ta asibiti da damina, ruwa har ƙofar mota. Ya ce wannan ma da isansinsa aka yi.

Kalla tsohon bakanike ne mai gajeren gemu, kuma taubashin Alhaji, don haka bakinsa ba ya da linzami a kansa. Ya tarbe shi da tambayar ko har yanzu da dutse yake tare taya don kada birki ya ƙare. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ja shi gefe ya ce a fara da tanki.

Kalla ya zuƙo isansi a kwalba, ya ɗaga ta ga rana, ya shinshina, ya zuba a tafin hannu ya hura. Nan take ya bushe, bai bar maiƙo ba. Ya ce wannan isansin ya fi wanda ke motar likita kyau. Alhaji ya ce a zuƙo na ƙasa, ai abin da aka haɗa can yake kwanciya. Aka zuƙo na ƙasa, duk ɗaya. Kalla ya kwance matatar isansi ya busa ta, ya fiddo buji huɗu, masu ba inji wuta, ya jera su a kan tsumma, ya wanke bakin da iska ke shiga inji har ya yi ƙyalli. Iliya na gefensa yana miƙa masa ƙarafa tun kafin ya nema, Alhaji na lura da wannan ma. Aka tayar. Inji ya hau, ya sauka, ya yi tari.

Kalla ya goge hannu ya yi wa masu benci bayani, don shi ba ya aiki sai da masu sauraro. Ya ce irin wannan mota tana auna iskar da ta shiga, sannan ta ba da isansi daidai da ita. In iska ta samu wata kafa ta shige ba a auna ta ba, awon ya rikice. A guje ba a ji, don iskar da yawa, a tsaye ne abin ke bayyana. Sai ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunne, yana yawo da ɗayan a cikin inji kamar likita a ƙirjin tsoho. Alhaji ya ga hannun na gangarawa baya. Ya ce rana ta yi, ko a bari sai wani satin. Kalla bai ko ɗago ba. Ya tsaya wuri ɗaya, ya ɗiga isansi a wurin, inji ya zabura. Ya sa a kashe, ya zura hannu har kafaɗa, ya yi ta kici-kici, ya fito da siririn tiyon. Waya ta ci rabinsa, layar na lilo a jiki, ta yi baƙi da mai.

Wani direba, Shamsuddin, ya ajiye kofin shayi ya ce shi dai a saninsa mutum ɗaya ke buɗe kapo kullum safiya. Wani ya ce ya taɓa jin direban da ya yi wa ubangidansa irin wannan don ya gaji da mota ya sayar masa da ita a banza. Idanu suka koma kan Iliya.

Alhaji ya ga abin da aka shimfiɗa masa. Kananzir ya zo nema, ga shi an ba shi sammu, kuma ba a neman komai daga gare shi sai ya rufe baki. Ya rufe. Har ya ɗan girgiza kai irin na wanda aka ci amanarsa.

Iliya bai rantse ba. Ya karɓi tiyon daga hannun Kalla, ya goge wayar da babban yatsa har korenta ya fito.

"Alhaji, wayar ga ta shingen awakinka ta. Ni na sawo maka ita Keita, bara."

Alhaji ya ce waya ai waya ce. Iliya ya ce haka ne, amma in an koma Buza sai a dubi shingen daga wajen turken baƙar akuya, inda ya ga an kwance tun watan jiya. Shamsuddin ya ce shi ma gobe Buza za shi, zai leƙa. Nan Alhaji ya gyara murya ya ce to, shi ya ɗaura, ta tsari ce, don hanyar Keita ba ta da kyau, mutum kuma ba ya shawara da kowa kafin ya tsare dukiyarsa.

"Taubashi," in ji Kalla, "layar tsari ga madubi aka rataya ta, kowa shi gani. Kawo in farke mu karanta mi anka rubuta."

Alhaji ya fizge layar ya tura aljihu, man jikinta ya ɓata masa farar riga.

"Ashe karan bai ishe ka ba," in ji Iliya a hankali. "Na aza in ka auna shekara guda za ka gaji."

Kalla ya yanko sabon tiyo ya sa, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Iliya ya shiga ya tayar. Inji ya kama, ya zauna a murya ɗaya, ko madubi bai motsa ba. Ya ɗan saurara, kamar yadda ya saba. Sannan ya jawo butarsa da dardumar salla daga bayan kujera, ya fito ya bar makulli a jiki. Ya gaida Kalla, ya ce wa Alhaji a gaida Hajiya Cima, ya nufi tasha da ƙafa. Shamsuddin ya bi shi da sauri, yana ce masa ubangidansa na neman direba tun azumi.

Buhu goma sha biyu na gero na jiran mota a bakin kasuwa. Alhaji ya tambayi masu benci wa zai kai shi Buza. Ɗaya ya ce ƙafarsa na ciwo, ɗaya ya ce yana da lodi, na ukun ya tambaya ko akwai wata layar a ƙarƙashin kujera, don shi ƴaƴansa ƙanana ne.

Alhaji ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna inda ya saba zama. Inji na ta aiki sumul, yana shan isansinsa a tsaye, shi kuwa bai tabbata ta wane gefe ake murɗa makullin a kashe ba. Ya tsura wa Kalla ido ta gilashi yana wanke hannu. Tiyo nawa ne a cikin injin nan, amma hannun mutumin ya tafi kai tsaye kan wannan? Kuma ai ya ga yadda Iliya ke miƙa masa ƙarafa tun bai tambaya ba.