Mutum Biyar a Gindin Tsamiya

Ya bar kwalta a kwana ya yi nisa cikin rairayi, tun daga nesa direban bas ya hango farin mayafin Inna a gindin tsamiya, sai gabansa ya faɗi. Ya ƙirga masu jira: Inna, maigidanta zaune a kan tabarma, tsohon tela da sandarsa, sai ungozomar ƙauyen da ta daina karɓar haihuwa saboda masu haihuwar duk sun koma birni. Huɗu.

A kujerar gaba sakataren ƙungiya ya buɗe fayil ɗinsa. Ƙungiyar ba don riba take tafiyar da bas ɗin ba, amma taya ba ta san haka ba, kuma hanyar ƙauyen kilomita huɗu ce ta rairayi zalla. Shi ya sa kwamiti ya yanke: yau Talata in ba a samu fasinja biyar a wannan tasha ba, an daina shigowa.

Shekara biyu ke nan duk Talata Inna ke kai maigidanta wankin ƙoda a asibitin da ke ƙarshen layin bas ɗin. Ba ta taɓa makara ba. Da ta ji hukuncin kwamiti, gida-gida ta bi. Telan ba shi da abin yi a gari, ungozomar ma haka, amma suka ce za su hau ko don su sha iska. Na biyar ɗin shi ne ɗan Inna, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya yi mata alkawari a waya zai zo da motarsa, ya ajiye ta, ya shiga layi kamar kowa.

Direban ya tsaya, ya ja birki, ya sauko.

"Inna, ina kwana? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Ka ɗan dakata mana, Injiniya na hanya." Idonta na kan hanyar, ba ta ko dube shi ba.

Ya ji kunya kamar shi ya yi laifin. Ya zagaya baya, ya buɗe but, ya sauko da saƙon da aka kawo ofis jiya da yamma: keken marasa lafiya, sabo fil, ledarsa ko hujewa ba ta yi ba.

"Shi ya aiko, Inna. Ya ce a ba ki haƙuri, wani taro ya riƙe shi."

Ta daɗe tana kallon keken. Telan ya shafa tayarsa ya ce, "Kai, wannan ya fi kekena da na yi aure da shi." Babu wanda ya yi dariya.

Sakataren ya leƙo ta taga. "Mutum huɗu na gani."

"Ranka ya daɗe," in ji Inna, "a ba keken nan kujera guda. Zan biya masa."

"Inna, keke ai ba mutum ba ne."

"Ni na sani," ta ce. "Ɗana ne bai sani ba."

Sakataren ba mugu ba ne. Ya sunkuyar da kai ya rubuta abin da ya gani.

* * *

A hanya Inna ba ta yi kuka ba, direban kuwa ya so a ce ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta madubi yake ganinta tana gyara wa maigidanta hula, tana tallafe kansa duk sanda suka faɗa rami. Ransa ya ɓaci, ya rasa wa zai ji wa haushi. Kwamiti da ke lallaɓa bas ɗaya tsakanin garuruwa bakwai? Ko 'ya'yan da suka mai da iyayensu wurin aika kaya?

Da za ta sauka a ƙofar asibiti ta tambaye shi, "Ƙarfe nawa kake wuce kwanar ƙauyenmu?"

"Bakwai da kwata. Amma Inna, rairayin nan..."

"Lokaci na tambaye ka, ban tambaye ka rairayi ba."

* * *

Talatar da ta zagayo, bakwai da kwata ya iso kwanar, babu kowa. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Malam direba, lafiya? Muna da kasuwa fa!" wata mai kwandon ƙwai ta ɗaga murya.

"Injin ne ya yi zafi, Hajiya," ya ce, ko kunyar ƙaryar bai ji ba. Ya fita ya ɗaga bonet don a gani.

Bakwai da rabi ya hango su. Inna ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta duƙa tana tura keken da maigidanta a kai, telan na ja ta gaba da igiya, ungozomar na biye da tabarma da jakar magani. Taya na nutsewa, su ciro ta, ta sake nutsewa. Direban ya ruga ya karɓe ta. Numfashinta na fita da ƙyar.

"Mun makara," ta ce. "Mako mai zuwa da asuba za mu taso."

Ya cicciɓi tsohon ya shigar da shi, mai ƙwai ta matsa ta ba su wuri. Da ya dawo naɗe keken, ya ga har yanzu ledar na jikin hannuwansa, Inna ba ta bari an cire ba. Ya waiwaya ya dubi hanyar ƙauyen. Layi biyu na taya sun miƙe cikin rairayi har inda ido ya ƙare, a tsakaninsu kuma sawun ƙafarta, babu takalmi.