Mutum na Bakwai a Kwamitin Kango

Fulgencio Almánzar bai taɓa neman shiga kwamiti ba. Ranar da aka kira taron unguwa a ɗakin karatu, shi ya je ne don ya zaci maganar wurin ajiye motoci za a yi, domin kullum cikin rigima yake da masu tare masa ƙofar shagon facinsa da ke bakin babban titi a birnin Providence na Amurka. Da ya zauna sai ya tarar zancen kangon nan ne na bayan coci, inda gidan bene ya ƙone shekara tara da suka wuce. Hukumar gari ta ce unguwa ta zaɓi abin da za a yi da filin.

Fararen unguwa suka ce a kewaye shi da waya, karnukansu su sami wurin sakewa. Baƙaƙen unguwa suka ce a yi filin ƙwallon kwando, 'ya'yansu sun gaji da wasa a tsakiyar titi. Aka zaɓi mutum uku nan, uku can, sai aka ga dole a nemi na bakwai mai raba gardama. Aka shiga waige ana neman mai jin Sifaniyanci. Rabin unguwar namu ne, mu 'yan Dominika masu jin Sifaniyanci, amma mutanenmu ba sa zuwa taron da ba kiɗa ba abinci. Fulgencio kaɗai aka gani, yana gyangyaɗi a layin baya da baƙin mai a farcensa. Kafin ya gama wartsakewa an tafa masa.

Mu 'yan Dominika, Allah ya hore mana sunayen launin fata fiye da yadda ya hore mana wutar lantarki. Akwai launin kirfa, akwai launin alkama, akwai shayi da madara, akwai wanda rana ce kawai ta ɗan taɓa shi. Kalma ɗaya ce, wato baƙi, ba ta iya fita daga bakinmu in kanmu muke nufi, ita mun bar wa maƙwabtanmu na Haiti. Fulgencio wankan tarwaɗa ne, amma wanda ya fi karkata wajen tarwaɗar. Gashin kansa kuwa duk Juma'a yake sa a kwashe shi ƙasa-ƙasa, don kada ya tsiro ya ba da shaida.

Kwana biyu da taron sai ga Misis Halloran a shagon. Tsohuwar malamar makaranta ce, ita ke jagorantar masu karnuka. Ta zo da kek ɗin tuffa da ɗuminsa, an rufe da ƙyalle mai fure.

"Don Fulgencio," in ji ta. Tun da ya zo Amurka ba wanda ya taɓa kiransa Don, laƙabin girmamawa na Sifaniyanci, har sai da ya gyara tsayuwa. "Na taɓa zuwa Sifaniya, ka sani. Ina ganin hancin nan naka na ce wannan jinin can ne."

"Kin gano ni, Madam. Kakan kakana daga tsibiran Canary na Sifaniya ya zo."

Ba ƙarya ya yi ba. Mutumin ya zo daga can ɗin. Sauran kakannin da aka kawo a ɗaure a cikin jirgi ne bai ga dalilin ɗaga su daga kabari ba, ga kek yana hucewa. Ta ce ta san mutane irinsu sun fahimci muhimmancin tsari da natsuwa a unguwa. Ya ce ai kare ma ɗan unguwa ne. Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar Alhamis sai ga Mista Tibbs, wanda ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu kafin ya yi ritaya, dattijon coci ne, kuma shi ke gaban masu ƙwallo. Ya ajiye soyayyen kifi da dafaffen ganye a kan tayar babbar mota.

"Ɗan'uwa, matata ta ce a kawo maka. Ni ba dogon zance na zo yi ba. Ni da kai mun san yadda ake kallonmu idan muka shiga kanti."

"Mun sani, ɗan'uwa," in ji Fulgencio, ya dafa ƙirji. "Mu da muka sha wuya."

Nan ma ba ƙarya ya yi ba, an sha binsa a kanti. Ya ce ai yaro ya fi kare. Ya ce Mista Tibbs ya kwantar da hankalinsa.

Haka aka yi mako uku. Talata kek, Alhamis kifi, har ya ƙara huda a bel ɗinsa. Yayarsa Belkis, wadda ke aikin kula da tsofaffi, takan biyo ta shagon idan ta tashi. Ita ta ɗauko duhun launin mahaifiyarsu sak, kuma ta daina gyara gashinta da zafin ƙarfe tun shekarar da ta cika arba'in. Wata Alhamis ta tarar da shi yana suɗar ƙayar kifi, ga sauran kek a gefe.

"Fulo, yau kai wane ne? In sani, kada in gaishe ka da gaisuwar da ba taka ba."

"Yaya, siyasa ce. Ba ki gane ba."

"Na gane mana. Talata ɗan sarkin Sifaniya, Alhamis ɗan'uwa. Ran Lahadi kuma ka zo gidana ka cinye min ayaba da wake. To ranar ƙuri'a hannu nawa za ka ɗaga?"

Ya ce ta bar shi da dabararsa. Gaskiyar magana ba shi da wata dabara. Yana dai fatan a yi dusar ƙanƙara a ɗage taron, ko da yake watan Yuni ake ciki.

Ranar Asabar da ƙarfe biyu ɗakin karatu ya cika. Misis Halloran ta yi masa murmushi daga hagu, Mista Tibbs ya ɗaga masa kai daga dama. Kafin a fara, wata ma'aikaciyar hukumar gari ta buɗe takarda, ta ce doka ta ce a rubuta launin fatar kowane ɗan kwamiti. Uku suka ce farare, uku suka ce baƙaƙe, ba a ɗauki minti ɗaya ba.

"Mista Almánzar?"

"Ni ɗan Dominika ne."

"Wannan na riga na rubuta, tambaya ce daban. Yanzu launi nake tambaya. Fari, baƙi, ko wani abu?"

Fulgencio ya ji zufa tana gangara masa ta bayan kunne.

"A katinmu na gida, indio aka rubuta min."

"To, jinin 'yan asalin ƙasa ke nan, waɗanda Turawa suka tarar. Wace ƙabila?"

A duk dangin Fulgencio ba wanda ya taɓa ganin ɗan wata ƙabila ta asali, ko a mafarki. Sai muryar Belkis ta taso daga layin baya da Sifaniyanci, yadda ta saba kwala masa kira tun suna yara.

"Fulo! Faɗa musu launin Mama!"

Yawancin mutanen ba su ji me ta ce ba, amma shi ya ji. Ya tuna baƙin hannun mahaifiyarsa a cikin farar kumfar wanki, ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙeya. Ya so ya faɗa. Kalmar ta zo har bakinsa, ya ga Misis Halloran tana jira da murmushinta, sai ya haɗiye. Ma'aikaciyar ta duba agogo, ta rubuta cewa ya ƙi amsawa.

Da aka zo ƙuri'a, karnuka suka sami uku, ƙwallo ya sami uku. Duk idanu suka dawo kansa. Ya miƙe, ya ce shi a ganinsa an manta da al'umma ta uku, don haka a zuba siminti a jera teburan wasan domino a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗaga wa kansa hannu. Ko Belkis ba ta tafa ba.

"Amma ka yi min alkawari," in ji Misis Halloran. "Kek uku na kai maka."

Mista Tibbs ya juyo a hankali. "Kek? Ranar yaushe?"

"Talata."

"Mu Alhamis."

Shekara ashirin suna unguwa ɗaya ba su taɓa yin maganar da ta wuce ina kwana ba. Ran nan suka ja kujeru gefe ɗaya, suka shimfiɗa taswirar filin, suka ja layi. Gaba ƙwallo, baya karnuka, waya a tsakani. Aka sake ƙuri'a, shida da ɗaya. Fulgencio ya tambaya ko za a bar ɗan lungu na tebur ɗaya, aka ce ba wuri.

Mako biyu ba wanda ya kawo masa ko ruwa. Belkis ma ta canja hanya. Sai wata safiya motar Mista Tibbs ta shigo da taya a kwance. Fulgencio ya kwance ta, ya tsoma a randar ruwa yana neman inda ke kumfa, bai ɗago ba ya fara magana.

"Shekarar da na zo ƙasar nan, ɗan sanda ya tare ni a hanyar Boston. Ya kifa ni a kan mota, ya kira ofis ya ce ya tsare wani baƙi. Ka san me na yi? Da fuskata a kan ƙarfe, da guntun Turancina, na ce yallaɓai ka gyara, ni ba baƙi ba ne. Kifawar ba ta dame ni ba kamar kalmar."

Dariya ta ƙwace wa Mista Tibbs har ya dafa bango.

"Ya gyara?"

"Ina! Ya ƙara danne ni."

Dattijon ya share ido, ya zauna a kan tsohuwar taya. "Kada ka zaci ku kaɗai ne. Kakata a Georgia, idan ɗanta ya kawo budurwa, jakar takardar cefane mai ruwan ƙasa take ɗaukowa ta kara a hannun yarinya. In ta fi jakar duhu, ba aure. Uwata ta faɗi jarrabawar. Sai da suka gudu ita da ubana aka ɗaura."

Fulgencio ya zaro ƙusar da filaya, ya nuna masa, ya shiga goge wurin.

"Ranar ashirin za a buɗe filin," in ji Mista Tibbs yana shiga mota. "Ka zo. Amma ka taho da yayarka, ita matata ke son gani."

Da motar ta fita, Fulgencio ya goge hannu ya kira Belkis. Sai a kira na uku ta ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Yaya. Ɗan Mama."

Ta ja numfashi. Ya ji ƙarar murfin tukunya.

"Na ɗora wake," in ji ta. "In za ka zo ka biya ka sayo ayaba, kuma ka zaɓo ɗanya, ba irin wadda ka kawo ran nan ba."